Ladabin mahalba a filin halbi na ƙasar Suwis

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowanenku ya san bakin rijiya da rani. Garke biyar, guga biyar, rijiya ɗaya. In kowa ya jira lokacinshi, bisashe su sha su koma lafiya. In wani ya ce shi ne gaba da kowa, sai sanda ta yi magana. To, a wannan wata za mu kai ku wani wuri inda mutane ke taruwa kamar haka, amma abin da ke hannunsu ba guga ba ne. Bindiga ce irin ta soja. Mutum 10 ko 20 su kwanta a jere, kafaɗa kusa da kafaɗa, kowa da harsashinshi. Kuskuren mutum ɗaya ya isa ya sa gari duka zaman makoki. Ƙaƙa suke yi su tashi lafiya?

Wurin nan yana cikin ƙasar Suwis, a tsakiyar Turai, tsakanin Faransa da Jamus da Otirish da Italiya. Ba ta da teku, kamar Nijar. Ƙarama ce ƙwarai. Faɗinta duka kusan daidai yake da na jahar Maradi, amma mutanenta sun kai miliyan 9. Ƙasar duwatsu ce da shanu da cuku. In watan Yuni ya kama, makiyayansu su kora shanu bisa duwatsu inda sabon haki yake, ba su saukowa sai wajen Satumba. Wanda ya taɓa yin arewa da garke da damina ya gane wannan.

Me ya sa ƙauye ke da filin halbi?

A Suwis, mafi yawan sojoji ba a bariki suke zaune ba. Saurayi ya tafi ya koyi aikin soja sati 18, sannan ya koma gonarshi ko shagonshi. Bindigar da aka ba shi, da ita yake komawa gida. Bayan haka, kowace shekara tilas ne ya je filin halbi kafin ƙarshen watan Agusta, ya halba harsashi 20 a nisan metir 300. Ana ƙirga mashi maki. Maki mafi yawa 85 ne. In bai samu 42 ba, sai ya sake. In bai zo ba sam, hukuma ta neme shi.

Saboda haka ne doka ta ɗora ma kowace ƙaramar hukuma nauyin samar da fili. Ƙananan garuruwa su kan haɗa kai su yi guda ɗaya. Amma ba sojoji ke riƙe da filin ba. Ƙungiyar mahalba ta gari ce ke riƙe da shi: manomi, maƙeri, malamin makaranta, mai gidan burodi. Babbar ƙungiyarsu ta ƙasa an kafa ta a garin Arau a 1824. A 2024 ta cika shekara 200.

Metir 300 tafiya ce, taki wajen 400 na babban mutum. Can ƙarshe aka jera alluna, kowane da lambarshi. Baƙin da ke tsakiyar allo faɗinshi santimetir 60 ne, kamar babban faifai. Amma daga inda mahalbi yake kwance, bai wuce ƙwayar gero da ka riƙe ka miƙe hannu ba. Harsashi kuwa yana isa can kafin ka ƙifta ido, bai cika rabin daƙiƙa ba. In ya kuskure tudun da ke bayan allunan, yana iya tafiyar fiye da kilometir 3.

A bakin ƙofa

Mu ɗauka yau Asabar ce. Wani manomi ya gama tatsar safe, ya ɗauko bindigarshi ya nufi fili. Ku biyo mu mu ga abin da zai yi.

Tun bai shiga ɗakin halbi ba zai tsaya. Ya fitar da bindiga daga jaka. Ya cire gidan harsashi. Ya ja ƙarfen nan da ke tura harsashi, wanda za mu kira sakata, ya bar shi buɗe. A bakin ƙofa akwai mutum zaune. Aikinshi ke nan: ya duba bindiga, ya leƙa cikin bututunta, ya tabbata babu komi. Ko maƙwabcinshi ne da suka sha nono tare jiya, sai ya duba. Ko dattijo ne mai shekara 70 wanda ya koya ma mai dubawar halbi, sai ya miƙa bindiga. Ba a ɗaukar wannan raini. Wanda ya ɓata rai don an duba shi, shi ne ake ma kallon marar tarbiyya.

Don me ake barin sakata buɗe? Don wanda ke nesa da kai ya gani da idonshi. Kai ka san bindigarka babu harsashi. Ni ban sani ba. Ba daidai ba ne ka sa ni zaman ɗar-ɗar ina dogara da abin da ke cikin zuciyarka. Buɗaɗɗiyar sakata kamar sallama ce: ka faɗa ma kowa da alheri ka zo.

Kowane soja na Suwis ana koya mashi ƙa'idodi 4, kuma mahalban gari da su suke aiki. Na fari, duk bindiga a ɗauke ta tana da harsashi, ko yanzu ka gama duba ta. Sannan kada bakinta ya kalli abin da ba ka son halbi. Yatsa kuma ba ya taɓa kunama sai ka auna allo. Na ƙarshe, ka tabbata da abin da za ka halba da abin da ke kewaye da shi. Ta farin ita ce uwa. Ku tuna labaran da kuka ji na mutumin da ya halbe ɗan uwanshi ba da niyya ba. Magana ɗaya ce kullum ke fitowa bakinshi: na ɗauka babu komi a ciki. Mu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarshi. Mahalban Suwis ba su tsaya nan ba. Sun jera shinge bayan shinge, don in hankalin mutum ɗaya ya tafi, na wani ya tare.

Manominmu ya shiga. Ya jingina bindiga a wurin da aka tanada. Ya gaida mutane. Gaisuwarsu da Jamusanci "Gut Schuss", wato a yi halbi mai kyau. A ƙungiyoyi da yawa ba a kiran kowa da muƙami a nan. Likita da ɗan ƙodago suna kiran juna da suna. Ga bindigogi jere, wata sabuwa fil, wata ta kakan wani ce tun ta 1931. Ko ta ba ka sha'awa ba ka taɓa ta. Sai ka nemi mai ita ka tambaya. In ya yarda, shi zai buɗe ta ya miƙo maka, kai kuma ka sake dubawa a gabanshi.

Harsashi a nan ake karɓar shi, a ƙirge. Wanda aka ba ka a nan za ka halbe shi. In ya ragu ka mayar. Ba a sa ko ɗaya cikin aljihu a tafi da shi gida.

Bisa tabarma

Ɗakin halbi dogo ne, gefe ɗaya a buɗe yana kallon alluna. An shimfiɗa wuraren kwanciya a jere. Akwai mutum guda da ake kira shugaban halbi. Ya yi kos, yana da takarda, kuma lokaci lokaci yana komawa a sabunta mashi. A cikin ɗakin nan maganarshi ce gaba da ta kowa. Ko magajin gari ne ya zo, ko hafsan soja, in shugaban halbi ya ce a tsaya, an tsaya. Wanda ke da ƙorafi ya bari sai an fita.

Kafin ka matso kusa, sai ka toshe kunnuwa da wani abu mai kama da ƙoƙo biyu. Ƙarar bindiga cikin ɗaki ba wasa ba ce. Halbi ɗaya kusa da kunne yana iya bar ma mutum ƙugi a kai har ya mutu, kuma likita ba ya mayar da jin da ya tafi. Tsofaffin mahalba da yawa da suka fara tun ba a damu da wannan ba, yau sai an ɗaga masu murya. Shi ya sa mai hankali, kafin ya fara, yakan waiwaya ya ga ko na kusa da shi ya toshe nashi. In baƙo ne ya shigo kunne sake, a ara mashi.

Sai ka kwanta, bakin bindiga ya kalli allo, sannan ka sa harsashi. Daga nan har ka gama, bakin nan ba ya juyawa. Ko an kira sunanka daga baya, kai ne ke waiwayawa, bindiga tana nan inda take.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne shiru. Wurin da ƙara ta cika, amma ba mai hira. Mahalbi yana riƙe numfashi, yana jan kunama a hankali a hankali. Motsin da bai kai kaurin gashi ba a nan, can ya zama taƙi guda. To, in ka tsaya bayan mutum kana labarin kuɗin saniya, ko ka taka mashi tabarma, ko ka tashi da garaje ka girgiza katakon da yake kwance, ka ɓata mashi abin da ya yi shekara yana jira. Wanda ya riga gamawa yakan dakata. In ya ga na kusa da shi ya sa ido zai ja kunama, sai ya bari harsashi ya fita, sannan ya tattara kayanshi.

Akwai kuma maganar kwanso. Bindigar sojansu ta yanzu, wadda aka fara rabawa wajen 1990, in ta halba sai ta tofar da kwanson harsashi ta hannun dama, da ƙarfi, kuma da zafi kamar garwashi. Wa ke hannun dama? Maƙwabcinka. In kwanso ya faɗa mashi cikin wuyan riga yana riƙe da bindiga mai harsashi, kun ga inda abin zai iya kaiwa. Don haka ake maƙala ma bindiga wani ɗan marfi da ke karkatar da kwanso ƙasa. Kwanson da ya zuba kuma ba a barin shi. A share a tara, ƙungiya ta sayar ma masu narka ƙarfe.

In bindiga ta ƙi tashi fa? Nan ne ake gane wanda aka koya ma ladabi. Ba ya tashi da ita yana jujjuyawa yana cewa ku duba mani. Yana nan kwance, bakinta na kallon allo, ya cire yatsa, ya ɗaga hannu. Shugaban halbi ya zo su duba tare.

Kalma ɗaya ce kowa ke da ikon faɗa, babba da yaro, ɗan ƙungiya da baƙo: a tsaya! In ka hangi mutum ko bisa ta shigo tsakanin ɗaki da alluna, ba ka neman izini. Ka buɗe murya. Kowa ya cire yatsa nan take. In daga baya aka ga kuskure ka yi, inuwar itace ce ka gani, ba a yi maka dariya ba. In aka yi ma mutum dariya yau, gobe zai yi shiru, kuma goben nan wataƙila ba inuwa ba ce.

Shawara ma tana da ladabinta. Tsohon mahalbi ya ga yaro yana riƙon da bai dace ba. Ba ya faɗa mashi a tsakiyar halbi, ba kuma a gaban jama'a ba. Ya bari ya gama, ya tambaye shi ko yana son a nuna mashi. Amma in abin na haɗari ne, babu jira, babu kara. A nan take ake faɗa, kuma wanda aka faɗa ma ya ce na gode.

Harsashin da ya shiga gonar wani

Ga wata matsala da ke faruwa ko ga gwanaye. Alluna suna jere, duka kama ɗaya. Kai kana lamba 7. Ido ya gaji, rana ta haska, ka auna lamba 8 ba ka sani ba. Ka halba. Allonka bai nuna komi ba. Na maƙwabcinka kuwa ya nuna rami, alhali shi bai ja kunama ba tukuna.

Doka a fili take: harsashin da ya faɗa allon wani, sifiri ne ga mai shi. Ko tsakiyar baƙi ya huda, ba a ƙirga maka. To, ga inda zuciya ke raɗa ma mutum. Ba wanda ya gan ka. Kana iya yin shiru. Kana iya cewa na'ura ce ta lalace, a ba ka wani harsashi. In ka yi haka, maƙwabcinka ya shiga uku: an ce ya halba 6, ga rami 7 a allonshi. Wanne ne nashi, wanne ne baƙo? Halbi ya tsaya, a shiga bincike, hankalinshi ya rabu, ya rasa natsuwar da ya tara.

Abin da ake jira ga mutumin kirki shi ne ya ɗaga hannu tun ba a tambaya ba, ya ce ni ne, na halbi lamba 8. A rubuta mashi sifiri, a gyara ma maƙwabci lissafi. In an tashi ya je ya ba shi haƙuri. Sau da yawa abin yakan ƙare da dariya, mai laifi ya sayi abin sha.

Kada ku ga kamar sifiri ɗaya ƙaramin abu ne. Kowace shekara, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ana yin wani babban halbi a ƙasar duka cikin kwana 3. Suna kiran shi Feldschiessen. Mutum fiye da dubu 100 ke fitowa, maza da mata, kuma ba a biyan ko dala. Harsashi 18 ne, ba a ba ka na gwaji. Maki mafi yawa 72. Wanda ya kai adadin da aka yanka ana ba shi lambar yabo ya rataya. Akwai dattawan da ke da ita ta shekara 30 ko 40 a jere cikin akwatin gilashi a ɗakinsu. Harsashi ɗaya da ya shiga allon wani ya isa ya yanke wannan jeri. Ka ɗaga hannu kana sane da haka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa farauta ya ga gada ɗaya ta faɗi, mutum uku kowa na rantsuwa kibiyarshi ce, ya san tsadar mutumin da zai ce ba tawa ba ce.

A da, kafin na'ura, mutane ne ke nuna maki. Ana gina rami mai zurfi a gindin alluna, su zauna ciki, harsashi na wucewa bisa kansu. In an halba su jawo allo ƙasa, su liƙe ramin da takarda, su mayar, su nuna wurin da wani faifai mai dogon mariƙi. Launin faifai ne ke faɗin maki. In ka kuskure allo duka, sai a kaɗa maka faifai dama da hagu, kowa na gani. Mutanen nan sun ba mahalba amanar ransu. Yau mafi yawan filaye na'urar lantarki ce ke ƙirga, ta nuna ma mahalbi a gefenshi. Amma akwai wuraren da har yanzu hannu ke yi.

Maƙwabcin da ba ya halbi

Wannan ɓangare ku ya fi shafa. Metir 300 ɗin nan da ke tsakanin ɗaki da alluna ba kufai ba ne. Suwis ba ta da filin zubarwa. Sau da yawa gonar wani ce, ko makiyayar shanunshi. Harsashi ta bisa hakinshi yake bi. A kwarin Simmental, inda jajayen shanun nan masu farin kai suka samo suna, akwai filin da harsashi ke ƙetare babbar hanyar mota ta sama. An gina katanga yadda wanda ke kwance ba ya ko ganin motocin, balle harsashinshi ya sauka kansu.

To, ƙaƙa ake zama da mai gona? Tun farkon shekara ƙungiya ke fitar da ranaku da sa'o'in halbi, a buga a manna, kowa ya sani. Ranar halbi a rataya wani babban buhu ja da fari bisa dogon itace, wanda ake hangowa daga nesa. A tare ƙananan hanyoyi da sarƙa ko itace. In lokaci ya cika a daina, ko da saura harsashi. Haki kuwa ba ya jiran takarda. In rana ta fito, manomi na son ya yanka ya shanya kafin ruwa ya sauko, ƙungiya mai hankali takan zauna da shi a daidaita. Wadda ta raina mai gona ba ta daɗewa cikin kwanciyar hankali, don a taron gari mutane ke jefa ƙuri'a kan kuɗin gyaran fili.

Ƙara ma an yi mata doka a 1986. Ana ƙirga yawan wunin da aka yi halbi, kuma wunin Lahadi, ranar hutunsu, ana lissafa shi kamar uku. Wasu filaye sun sa wani akwati mai kama da bututu a gaban mahalbi don ya shanye ƙara. Wasu an rufe su, an haɗa mahalbansu da na garin gaba.

Amma babban laifin da aka daɗe ba a gani ba yana cikin ƙasa. Cikin harsashi akwai darma. Shekara da shekaru ana halba ta cikin tudun da ke bayan alluna. Darma ba ta ruɓewa. Tana nan, tana marmashewa, tana haɗuwa da ƙasa da haki. A 1997 likitocin dabbobi na Zurik suka ba da labarin wasu maruƙa 5, ƴan wata 7 zuwa 9. An sake su kiwo wajen allunan wani filin halbi a farkon watan Mayu. Kwana 5 ɗaya ya kamu. Cikin kwana 3 sauran suka bi. Suna dalala, suna cizon haƙora, suna kuka, suna faɗa ma shinge kamar mahaukata, jiki na karkarwa. Guda 4 suka mutu cikin ƴan sa'o'i. Na biyar likita ya hutar da shi.

Hukumar ƙasar ta lissafa wurare wajen 4000 da halbi ya ɓata ma ƙasa. Yanzu ana kewaye tudun da shinge don kada bisa ta kai baki. Ana kwashe gurɓatacciyar ƙasa da mota. Gomnati ta ce duk filin da ke son taimakonta wajen wannan aiki, to daga ƙarshen 2020 kada ya ƙara halba harsashi cikin ƙasa. Sai aka sa akwatunan ƙarfe cike da gutsattsarin roba a bayan kowane allo, su kama harsashi, a kwashe.

Makiyayi, ka riƙe alamun nan da muka faɗa. Ba sai da filin halbi ba. Tsohon batirin mota da aka fasa aka yar a bayan gari, darma ce cike da shi, kuma shanu suna son lasar shi. Ciwon ɗaya ne.

Yara

A Suwis yaro ko yarinya na iya shiga kos na matasan mahalba daga shekara 15. Kafin a bar shi ya ja kunama, sai ya iya buɗe bindiga, ya iya ɗaukar ta, ya iya ajiye ta. A birnin Zurik kuma akwai wani biki tun ƙarni na 17, ana yin shi cikin Satumba. Yara masu shekara 13 zuwa 17 ke halbi, harsashi 5 kowane, a metir 300. Kowane yaro da babban mutum a gefenshi. Da can maza kaɗai ne. A 1991 aka buɗe ma ƴan mata, a 1997 yarinya ta cinye. Wanda ya zo na fari ana ba shi kuɗin Suwis 5000, fiye da miliyan 3 ke nan na kuɗinmu.

Suna da wani labari da kowane yaro ya sani, na wani mahalbi mai baka, Giyom Tel. Wai wani azzalumin hakimi ya tilasta mashi ya halbi ɗan itace da aka ɗora bisa kan ɗanshi, kuma ya samu. Masana tarihi sun ce tatsuniya ce. Mu dai abin da muka lura, da yau ne, shugaban halbi na ƙaramin ƙauye ba zai bari a ko ɗana kibiyar ba.

Kada mu yi maku ƙarya mu ce ladabin fili ya gyara komi. Bindigar da ke cikin gida tana nan ranar baƙin ciki da ranar fushi. Mutane da yawa a Suwis sun kashe kansu da ita. Ranar 27 ga Satumba 2001 wani mutum ya shiga majalisar jahar Zug ya halbe mutum 14. Daga 2007 aka daina ba soja harsashi ya tafi da shi gida. A 2011 aka tambayi ƴan ƙasa ko a mayar da bindigogin soja duka bariki. Kashi 56 cikin 100 suka ce a'a. A 2019 kuma suka yarda a ƙara tsaurara dokar mallakar bindiga. Gardamar ba ta ƙare ba. A nan gida kun sani, riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma.

Ƙoƙon azurfa

Akwai wani fili a bakin babban tabki, sunanshi Rutli. Mutanen Suwis suna cewa nan kakanninsu suka yi rantsuwar haɗa kai. Tun shekarun 1860 ake halbi a wurin, sau ɗaya a shekara, ranar Laraba kafin 11 ga Nuwamba, cikin sanyi. Mahalba fiye da 1000 ke zuwa, mafi yawa cikin jirgin ruwa. Nan babu ɗaki, babu na'ura. A durƙushe ake halbi bisa haki, harsashi 15. Masu nuni suna ɓoye. Sai an busa ƙaho, kowa ya sauke bindiga, sannan su fito su duba alluna. Ba mai ɗaga bindiga sai sun koma maɓoyarsu an sake busawa.

Kowace ƙungiya tana zuwa da abincin garinsu. Wanda ya gama halbi, aka duba bindigarshi aka ga babu komi, ya jingine ta, sai ya bi rumfa rumfa. Nan a yanka mashi cuku, can a zuba mashi kofi mai zafi, ko bai san kowa ba.

Kyautar da kowa ke buri ƙoƙo ne na azurfa. Akwai mutanen da suka yi shekara 20 suna zuwa ba su samu ba. Amma doka ta ce mutum ba ya cin ƙoƙon Rutli sau biyu a rayuwarshi. In gwanin da ya riga ya samu ya sake fin kowa a ƙungiyarsu, sai a tsallake shi a miƙa ma na bayanshi wanda bai taɓa samu ba. Gwanin yana nan tsaye cikin masu tafi, kuma baɗi zai sake shiga jirgi ya dawo.